Wai Kawuna Bai San Teknoloji Ba

Ranar kasuwar garinmu da ta wuce na raka Kawu wurin mai POS. Wani manomi ne ya turo masa kuɗin garma ta banki, shi kuma hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ji kuɗinsa a aljihu. Aka miƙo masa na'ura ya danna lambobin sirri, ya kuskure. Ya sake, ya sake kuskurewa. Yaron da ke kan teburin, wanda bai wuce shekara ashirin ba, ya karɓe abinsa yana dariya, ya ce, "Baba, ku daina wahalar da kanku. Wannan harkar teknoloji ce, ba ta zamaninku ba ce."

Mutanen da ke kan layi suka yi dariya. Kawu ma ya murmusa ya ce, "Gaskiyarka, yaro." Shi ko a jikinsa. Ni ne maganar ta tsaya wa a rai har muka koma gida.

Kawu ya haura shekara hamsin a maƙera. Ka kawo masa sifirin ɗin tsohuwar mota, zai ƙwanƙwasa shi da masaba, ya kasa kunne, ya gaya maka ko zai yi gatari ko kuwa ɓata gawayi za a yi. Idan ƙarfe na cikin wuta, launinsa kawai yake kallo. Ya san jan da ake fitar da shi a buga, ya san wanda idan aka wuce shi ƙarfen ya ƙone. Ya san lokacin da zai tsoma bakin gatari a ruwa da lokacin da baƙin mai ya fi, don kada ya yi taurin da zai tsage ranar da ya haɗu da kututture. Shi kuwa yaron nan, in sabis ya ɗauke, iyakar dabararsa ya ɗaga na'urar sama, ko ya kashe ta ya kunna.

Ba na zargin yaron. Abin da ya faɗa shi ne abin da kusan kowa ya ɗauka: teknoloji na nufin waya, kwamfuta, intanet, duk wani abu mai allo da ake sa wa caji. Ni kuwa ra'ayina shi ne, a cikin mutanen nan biyu Kawu ne ya fi kusa da abin da kalmar take nufi. Sai dai shi ma rabinta yake riƙe da shi, kuma ɗaya rabin ne ya fi damuna.

Turawan ma aro suka yi

Kalmar *technology* ba ta Ingilishi ba ce tun asali. Ta Girkawa ce, haɗin kalmomi biyu: *tekhne* da *logos*.

*Tekhne* ita ce iya yin abu. Gini, sassaƙa, ƙira, saƙa, tuƙin jirgin ruwa, ba da magani, har da iya tsara magana a gaban alƙali, duk Girkawa sun sa su a wannan kwando. 'Yar uwarta ita ce *tekton*, wato kafinta ko magini, kuma daga nan ne aka sami *architect*, wanda ma'anarsa ta asali ita ce shugaban magina. Mu Sarkin Magina za mu ce. Masana harsuna suna danganta wannan tushen da kalmar Latin ta saƙa, wadda ta haifar wa Ingilishi *textile* da *text*. Ka ga ke nan zuriyar kalmar gaba ɗaya 'yan aikin hannu ne: masassaƙi, magini, masaƙi.

*Logos* kuwa magana ce, bayani, dalili. Ita ce wutsiyar da muke ji a sunayen darussa irin su *biology* da *geology*.

Aristotal, wanda malamanmu na zaure suka sani da Arisɗo, ya rayu tsakanin shekara ta 384 da ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya bambanta mutum biyu. Akwai wanda daɗewa a kan aiki ta sa ya san cewa in an yi kaza, kaza zai faru. Akwai kuma wanda ya san abin da ya sa hakan ke faruwa. Na biyun ne, a wurinsa, ya mallaki *tekhne* da gaske, kuma alamarsa ita ce zai iya koyar da wani. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Wani abin da zai ba ku mamaki: da Girkawa suka haɗa kalmomin biyu suka ce *tekhnologia*, ba inji suke nufi ba. Tsararren bayani ne kan ƙa'idojin wani fanni, galibi nahawu ko balaga. Da wannan ma'anar ta shiga Ingilishi a farkon ƙarni na 17, kuma ta yi kusan shekara ɗari biyu tana kwance a littattafan malamai, talaka bai san da ita ba.

Wanda ya karkata ta wajen sana'o'i sosai wani Bajamushe ne, Johann Beckmann, malami a jami'ar Gottingen. A 1777 ya fitar da littafi a kan abin da ya kira *Technologie*. Me ke ciki? Yadda ake saƙa, yadda ake rini, yadda ake jima, yadda ake yin takarda, da sauran sana'o'in ƙasarsa, mataki bayan mataki, tare da dalilin kowane mataki. Wato ilimin da ke hannun masu sana'a ne ya kwaso ya tsara shi a takarda don jami'an gwamnati da ɗalibai su fahimta. Da a Kano yake, karofin Ƙofar Mata da majema zai nufa da alƙalaminsa.

A Amurka, wani likita da ke koyarwa a Harvard, Jacob Bigelow, ya sa kalmar a sunan littafinsa na 1829. A 1861 aka kafa makarantar nan ta MIT (Massachusetts Institute of Technology) a Boston, mai ɗauke da kalmar a ƙarshen sunanta. Duk da haka ba ta zama ruwan dare ba. Tsarin mulkin Amurka na 1787, a inda ya yi maganar kare haƙƙin masu ƙirƙira, *useful arts* ya ce, wato sana'o'i masu amfani. An ƙera injin tururi, an shimfiɗa dogo, an ja wayar tangaraho, duk ba tare da mutanen da suka yi aikin suna kiran sa teknoloji ba.

Sai a ƙarni na 20 ma'anar ta zame. Jamusawa suna da wata kalma daban, *Technik*, mai nufin injuna da hanyoyin aikin masana'antu su kansu. Marubutan Amurka da ke karanta Jamusanci suka riƙa fassara ta da *technology*. Daga wajen shekarun 1930 kalmar ta tashi daga bayanin sana'a ta koma kan kayan da sana'ar ta samar. Da kwamfuta ta zo, aka ƙara matse ta, har aka gutsure ta zuwa *tech*. A wannan matsattsen halin ta iso teburin mai POS na garinmu.

"Ai ma'anar kalma tana canzawa"

Wannan ce suka ta farko da abokina, malamin Ingilishi a wata sakandare, ya yi mini. Ya ce asalin kalma ba ya ɗaure ta. Abin da mutane ke nufi da ita yau, shi ne ma'anarta.

Na yarda, kuma Hausa ma shaida ce. Waya daga sunan zaren ƙarfe muka aro ta, yau ga ta a aljihun kowa babu ko zare ɗaya. Jirgi na ruwa ne tun fil azal, muka ɗora shi a kan dogo, muka kuma tashe shi sama. Na'ura a Larabci wani gargare ne mai juyawa yana ɗebo ruwa daga kogi, mu kuma muna ce wa kwamfuta na'ura mai ƙwaƙwalwa. Babu wanda zai kai ƙarar Bahaushe a kan wannan.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Canjin da waya ta yi bai cuci kowa ba. Na teknoloji kuwa yana da kuɗin da muke biya.

Idan teknoloji kaya ne, to mai kuɗin saye shi ne mai teknoloji. Shi ya sa za ka ji uba yana alfahari wai ɗansa ya san teknoloji, alhali abin da yaron ya iya shi ne buɗe TikTok da canja hoton WhatsApp. Shi ya sa ɗan siyasa zai tara matasa a raba musu kwamfutocin tafi-da-gidanka, a ɗauki hoto, a ce an kawo teknoloji mazaɓa. Bayan wata uku rabinsu suna kasuwa. A lokaci guda, mutumin da ke zaune a Panteka ta Kaduna yana narka alminiyam yana zuba tukwane, ko yana naɗa wa injin ban-ruwa sabon koyil, ko yana haɗa injin markaɗe daga ƙarafan da aka zubar, ba ya cikin lissafi. Shi bakanike ne kawai, mai baƙin hannu.

Ni ɗan tsarin karatu na 6-3-3-4 ne, wanda aka fara a 1982. A ƙaramar sakandare an koya mana darasin da ake kira Intro Tech. An kawo wa makarantarmu injuna daga ƙasar waje cikin manyan akwatunan katako. Har na gama aji uku ba a buɗe su ba, domin babu wuta, babu kuma wanda ya san yadda ake haɗa su. Muna leƙa su ta tagar sito. Malaminmu, bawan Allah, sai ya zana zarto a allo, mu kwafa, mu rubuta sunayen sassansa da Turanci, mu ci jarrabawa. Tsakanin ajinmu da rumfar kafintan unguwa bai fi tafiyar minti biyar ba. Babu wanda ya taɓa tunanin a kai mu can, saboda a ganin hukuma da iyayenmu duka, teknolojin tana cikin akwatin nan da aka rufe.

"To kana so ka haɗa zuga-zugi da kamfanin Samsung?"

A'a. Ban ce garmar Kawu da wayar hannu abu ɗaya ba ne, kuma ba na cikin masu cewa kakanninmu sun riga kowa komai. Wannan daɗin baki ne da muke yi wa kanmu.

Abin da nake cewa shi ne, daga irin rumfar Kawu abin ya taso. Thomas Newcomen, wanda injin tururinsa ya fara zuƙe ruwa daga ramin kwal a Ingila a 1712, mai ƙera kayan ƙarfe ne yana sayarwa. George Stephenson, da ake kira uban jirgin ƙasa, sai da ya kai shekara 18 kafin ya koyi karatu. 'Yan uwan nan biyu, su Wright, da suka tashi jirgin sama a 1903, shagon kekuna suke da shi a Ohio. Da waɗannan mutanen a garinmu aka haife su, da ƙila wani yaro ya ce musu harkar ba ta zamaninsu ba ce.

Kuma a ɓangaren *tekhne* ba mu zo duniya hannu rabbana ba. An narka tama a gindin Dala tun fiye da shekara dubu da ta wuce. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini, da yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830 da ƙasa da azara, ya ɗaga bakan gizon da har yau masu nazarin gine-gine ke zuwa kallo. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da laka aka yi ta.

To me ya faru? Nan ne maganar Arisɗo ta dawo, kuma nan ne ba zan kare Kawu ba.

Na taɓa tambayarsa me ya sa gawayin ƙirya ya fi na sauran itatuwa a maƙera. Ya ce haka ya tarar. Na ce ta yaya yake gane ƙarfe ya isa fitarwa. Ya ce, "Ido ne." Gaskiya ya faɗa, amma ido ba ya shiga takarda, ba ya tafiya wani gari, kuma ranar da mai shi ya kwanta dama, da shi ake binne shi. Abin da ma aka iya faɗa da baki, sau da yawa ba a faɗa. Sirrin gida ne, sai ɗa, sai jika. Marini ba zai gaya maka yawan tokar da yake haɗawa da baba ba. Wani abin ma a lulluɓe shi da tsafi don bare ya ji tsoro.

Kada a ce halin Bahaushe ne shi kaɗai. Masu yin gilashi na Murano a Italiya hana su barin ƙasar aka yi don kada sirrin ya fita. Su kansu Girkawan da suka ba mu kalmar sun raina mai aikin hannu. Arisɗo cewa ya yi birni nagari ba zai mai da irin wannan mutumin cikakken ɗan ƙasa ba. Bambancin shi ne, daga baya Turai ta sami hanyar ɓare sirrin. Tun a 1474 birnin Benis na Italiya ya yi dokar ba mai ƙirƙira kariya na wasu shekaru. Tsarin ya bunƙasa ya zama ciniki: ka rubuta yadda abinka ke aiki dalla-dalla kowa ya gani, hukuma kuma ta hana a kwaikwaye ka na wani lokaci, wanda yau shekara 20 ne a yawancin ƙasashe. Mutane irin su Beckmann kuma suka shiga rumfuna da alƙalami. Sai ya zamana wanda ya zo daga baya yana ɗorawa daga inda na gaba ya tsaya.

Mu ma muna da alƙalami. Malamanmu sun yi rubutu a kan fiƙihu, nahawu, falaki, hisabi, har da magani. Amma tsakanin zauren malam da rumfar maƙeri akwai katanga. Malam yana ganin ƙira ba ilimi ba ce, maƙeri yana ganin ilimi ba nasa ba ne. Da dogo ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa da atamfarsu suka cika kasuwa da araha, narkar da tama ta mutu cikin ɗan lokaci, ba ta bar littafi ko ɗaya da za a koma a duba ba. Boko ya zo ya ƙara wa katangar tsawo.

Ana iya huda ta kuwa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa wanda ya fito daga gidan masu ginin tukwane, ya ɗauki abin da kowace tsohuwa ta sani, cewa randa tana sanyaya ruwa, ya haɗa da dalilin da ya karanta: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin ƙasa, in ya bushe, yana tafiya da zafi. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Kayan miyan da ke ruɓewa cikin kwana uku suka riƙa kai makonni. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex a kan wannan. Babu allo, babu caji, kuma ban san abin da ya fi shi cancantar sunan teknoloji ba a duk abin da ke kasuwar waya ta Farm Centre a Kano.

Fasaha fa?

Wasu suna ƙorafi cewa fassarar da gidajen rediyo suka ba mu, fasaha, ba ta dace ba, tunda mawaƙi ma mai fasaha ne. Sun fi son ƙere-ƙere.

Ni ina bayan fasaha. Daga Larabci muka aro ta, inda take nufin iya magana tsaf babu tuntuɓe. Wato ita ma a bakin masu nahawu da balaga ta fara, kamar yadda *tekhnologia* ta fara, sannan ta gangaro hannu. Ko waɗanda suka zaɓe ta sun lura da wannan ko dace aka yi, zaɓin ya yi kyau. Larabawan ma da suka nemi tasu, suka ce *tiƙniyya*, wadda ta yi kama da ta Turawa a kunne, ta kuma jingina da *itƙani*, wato kyautata aiki.

Ƙere-ƙere kaya ne, ana iya loda su a kwantena. Fasaha kuwa har yanzu a jikin mutum take a Hausa. Muna cewa yaron nan yana da fasaha, magini mai fasaha, ta yi fasaha a ɗinkin nan. Ba a cewa an sayo fasaha a Dubai, kunne ba ya karɓa. Tsorona kawai shi ne wannan jelar da muka maƙala mata, fasahar zamani, wadda ta fara jan ta zuwa inda ta Ingilishi ta faɗa. Kwanan nan na ji wani a rediyo yana cewa manomanmu ba su da fasaha, yana nufin ba su da tarakta.

Shekaranjiya na koma maƙera da littafin rubutu mai shafi arba'in. Na ce, "Kawu, so nake ka riƙa gaya mini abin da kake yi, ina rubutawa."

Ya dube ni, ya dubi littafin, ya ce, "Kai ɗan boko, garma za ka ƙera da biro?"

Na ce a'a, launukan nan nake so mu sa wa suna, tun daga ja mai duhu har zuwa inda ƙarfe ke fara tartsatsi. Ya yi shiru yana juya ƙarfe a wuta da awartaki. Jikansa na gefe yana zuga, wayarsa a kan gwiwa.

Can ya ce, "To rubuta. Na farko, in ka ga ya yi kalar hanta, bai yi ba tukuna."

Mun cika shafi uku kafin la'asar. A na huɗu muka sami saɓani, domin akwai wani ja da ya ce ba shi da suna, sai dai in zo da daddare in gani da idona.